Tarihin Fayin Radiyata a Niyuzilan

Fayin radiyata, wanda masana tsirrai ke kira Pinus radiata, itace ne mai siraran ganye kamar allura, daga jinsin masu katako mai laushi, kuma asalinsa wasu 'yan wurare ne a gaɓar tekun Kalifoniya, irin su Monterey, da tsibirai biyu na Meziko. An kai shi Niyuzilan a shekarun 1850, inda manoma suka riƙa dasa shi don ya kare gonaki da dabbobi daga iska.

Darajarsa ta ɗaga ne bayan da sara ya yi wa dazuzzukan ƙasar ƙarƙaf, musamman itacen kauri mai cin ɗaruruwan shekaru kafin ya ƙosa. Wani kwamitin bincike na 1913 ya ba da shawarar dasa baƙin itatuwa masu saurin girma, a 1919 kuma gwamnati ta kafa hukumar gandun daji, wadda ta duƙufa kan dashe a filin Kaingaroa cikin shekarun 1920 da 1930. Tokar aman wuta ce ta lulluɓe wannan yanki, inda a lokacin shanu da tumaki ke ramewa saboda ƙarancin sinadarin kobal, amma fayin ya sami ƙasar da yake so.

Itacen kan isa sara cikin shekara 25 zuwa 30, kuma katakonsa fari ne marar nauyi, ba ya wahalar da zarto, yana karɓar ƙusa da gam da fenti. Babban aibinsa shi ne saurin ruɓewa idan ya sha danshi, sai dai yana shan magani sosai: akan rufe katakon cikin babbar tukunyar ƙarfe, a zuƙe iskar ciki, sannan a tura masa ruwan magani mai tagulla da ƙarfi har ya ratsa shi ya bar masa kore-kore, daga nan ya dace da turakun shinge da ginin waje. Akan kuma datse rassan ƙasa tun itacen yana ƙarami domin a sami allo marar ƙulli.

Masana'antun takarda na Kinleith da Kawerau sun buɗe a shekarun 1950, kuma a yau kusan kashi 90 cikin 100 na dasassun dazuzzukan ƙasar radiyata ne, gungumensa da yawa kuwa Sin ake kai su. Abin damuwa shi ne tarkacen da ake bari a kan gangare bayan sara, waɗanda ambaliyar guguwar Gabrielle ta 2023 ta kwaso ta jibge a gonaki da gadojin yankin Tairawhiti.