Gwanjon wutar hasken rana: yadda ake shirya shi da aikin mashawarta a cikinsa

A kasuwa, wanda ya fi kowa tayi shi ke tafiya da kaya. A gwanjon wutar lantarki abin a juye yake. Gwamnati ce ke sanar da cewa tana buƙatar tashar hasken rana ko ta iska mai ƙarfin megawat kaza, kamfanoni su kawo farashin da za su riƙa sayar da kilowat ɗaya na awa guda, wanda ya fi sauƙi kuma ya cika sharuɗɗa ya ci. Shi zai nemo kuɗi, ya gina tashar, ya riƙa sayar wa kamfanin wuta na ƙasa har shekara 20 ko 25. A takardun gwamnati na ƙasashe masu aiki da Faransanci, appel d'offres ake ce masa.

Kafin wannan tsari ya yaɗu, yawanci kamfani ne ke zuwa ma'aikatar makamashi a zauna a sasanta farashi, ba tare da an san abin da wani zai iya bayarwa ba. Najeriya ta bi wannan hanya a 2016, lokacin da kamfanin NBET mai sayen wuta a madadin gwamnati ya sa hannu da kamfanoni 14 kan tashoshin hasken rana na sama da megawat 1,000, galibinsu a jihohin arewa, a kan santi 11.5 na dalar Amurka. Daga baya gwamnati ta ga farashin ya yi tsada, ta nemi a rage, aka yi ta ja-in-ja, ayyukan suka tsaya cik.

Me mashawarta ke yi?

Ranar buɗe ambulan tayi ita ce ƙarshen aiki. Wahalar tana cikin watannin da suka gabace ta, kuma a nan ne ma'aikatu da yawa ba su da isassun ma'aikata. Ana buƙatar injiniyoyi su auna ƙarfin rana a filin, su binciki ƙasar da za a kafa turaku, su tabbatar layin wuta mafi kusa zai iya ɗaukar abin da tashar za ta bayar. Ana buƙatar lauyoyi su rubuta yarjejeniyar sayen wuta, wadda ke fayyace wa zai ɗauki asara idan layi ya lalace, ko biya ya yi jinkiri, ko darajar kuɗi ta faɗi. Akwai kuma batun gonakin da za a karɓa da diyyar masu su, wanda idan aka bar shi sai bayan gwanjo yakan cinye shekara guda cur.

Sai tsara dokokin takarar kanta: irin gogewar da kamfani zai nuna kafin ya shiga, kuɗin ajiyar da zai rasa idan ya ci kuma ya janye, da tarar jinkiri. Idan sharuɗɗan suka yi tsauri, ƴan takara su yi kaɗan, kamfanonin cikin gida kuma a bar su a waje. Idan suka yi sassauci, wani ya yi tayin da ba zai iya cikawa ba.

Dalilin duk wannan ɗawainiya kuɗin ruwa ne. Tashar hasken rana ba ta shan mai, don haka kusan duk kuɗinta ana kashe su ne tun wajen gini, akasari da bashi. Banki kuwa gwargwadon kasadar da ya hango yake ɗora ruwa. Duk matsalar da aka warware kafin gwanjo tana rage ruwan bashi, shi kuma ya rage farashin wuta. Shi ya sa ƙasashe biyu masu rana iri ɗaya za su iya samun farashi mabambanta ƙwarai.

Inda aka gwada

Afirka ta Kudu ta fara babban shiri a 2011. Ta kafa ofishi na musamman, ta ɗauki mashawarta masu zaman kansu, kuma tsakanin zagaye na farko da na uku farashin wutar rana ya faɗi da kimanin kashi biyu bisa uku.

Ga ƙasashen da ba su da ƙarfin kafa irin wannan ofishi, hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da kamfanoni masu zaman kansu, ta fito da shirin Scaling Solar a 2015. Ta haɗa shawara, da takardun yarjejeniya shiryayyu, da tayin bashi, da garantin biya a ƙunshi guda. Zambiya ce ta fara. A 2016 kamfanonin Neoen da First Solar suka ci da santi 6.02, Enel kuma da santi 7.84. Amma tashar Bangweulu mai megawat 54, a gefen Lusaka, sai a 2019 ta fara aiki, kuma matsalar yanayin ƙasar filin na cikin abin da ya jawo jinkirin.

Sakamakon Senegal ya fi jan hankalin masu kashe kuɗin CFA. A 2018 Engie da Meridiam suka ci tashoshin Kahone da Kael, megawat 60 a haɗe, a kan santi 3.80 da 3.98 na Yuro. Wato kusan CFA 25, dala biyar a ƙirgen kasuwannin Nijar. Sun fara bai wa Senelec wuta a 2021. Kasancewar CFA a ɗaure da Yuro ya rage wa masu zuba jari fargabar canji.

Amurka ma ta daɗe tana biyan mashawarta don irin wannan aiki ta hannun USAID da shirin Power Africa na 2013, kafin a rufe hukumar a 2025. Jamus kuwa, ta bankin KfW, ta tallafa wa shirin GET FiT a Uganda da Zambiya.

Abin da ya fi ƙarfin mashawarci

Habasha ta samu tayin santi 2.526 daga kamfanin ACWA Power na Saudiyya a 2019 kan megawat 250, farashin da aka yi ta yabo. Ba a gina tashoshin ba. Masu ba da bashi sun nemi tabbacin cewa za a iya mayar da kuɗin Birr zuwa dalar Amurka a fitar da su, ba a daidaita ba, aikin ya rushe. A Afirka ta Kudu ma kamfanin Eskom ya ƙi sa hannu kan yarjejeniyoyin waɗanda suka ci gwanjo tun daga 2016, sai a watan Afrilun 2018 aka sa. Mashawarci zai iya rubuta yarjejeniya mai kyau, amma ba shi zai cika asusun kamfanin wutar da bashi ya yi wa katutu ba. Akwai kuma ƙorafin da ke da tushe, cewa idan hukuma ɗaya ce mai ba gwamnati shawara kuma mai ba kamfanin da ya ci bashi, dole a sa ido kan wanda take karewa.

Nijar ta ƙulla da IFC a 2021 don gwanjon tashar megawat 50 a Gorou Banda, kusa da Yamai. Kada a haɗa ta da tashar megawat 30 da ke wurin, wadda hukumar AFD ta Faransa da Tarayyar Turai suka ba da kuɗinta, aka ƙaddamar a Yulin 2023. Wannan ta Nigelec ce, kuma ta yi rana bayan Najeriya ta katse layin da ke kawo wa Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta a watan Agustan 2023.