Yadda Aka Koyi Tare Saƙo a Tsakiyar Hanya

Kwamfutar ENIAC, wadda aka bayyana wa duniya a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a 1946, da wayoyi da makunnai ake tsara mata aiki. Idan lissafi ya karkace, Betty Holberton, ɗaya daga cikin mata shida da suka fara sarrafa ta, takan zare waya guda don na'urar ta tsaya cak a inda ake zargin matsala, a leƙa lambobin da ke cikinta. Nan dabarar kafa shinge a tsakiyar aiki ta samo asali.

An daɗe shingen nan bai wuce cikin manhaja ba. Da intanet ya kankama, sai rabin aikin ya koma kan hanya, tsakanin na'urar mutum da uwar garke. Aka fito da manhajar tcpdump a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a 1988, Gerald Combs ya kawo Ethereal a 1998, wadda ta koma Wireshark a 2006. Sun taimaka ƙwarai, amma ido ne kawai gare su, babu hannu: kana ganin saƙo yana wucewa, ba ka da ikon tare shi.

Hannun ya zo ne a farkon shekarun 2000. Karl von Randow na New Zealand ya rubuta manhajar Charles, a 2003 kuma Eric Lawrence ya ƙirƙiro Fiddler yana ma'aikacin Microsoft, Dafydd Stuttard ya fitar da Burp a Ingila. Duk dabararsu ɗaya: su tsaya tsakani kamar shingen jami'ai a babban titi, mota ta zo a tsayar, a buɗe kaya, sannan a ce ta wuce. Bambancin shi ne a nan ana iya sauya kayan.

Ɗauki mai gina manhajar sayayya. Ya danna "biya" a waya, saƙon ya maƙale a allonsa, wayar tana ta juya alamar jira. Sai ya goge farashin 5000 ya rubuta 50, ya sake shi. In uwar garke ta karɓa, to ya gano ɓaraka kafin ɓarawo ya gano. Ko ya tare amsar da ke dawowa, ya mai da lambar 200 ta nasara zuwa 500 ta lalacewa, ya ga ko manhajar za ta yi wa mai amfani bayani ko za ta sandare. A ganina wannan na biyun ya fi daraja, domin ba sai an jira ranar da uwar garke ta faɗi da gaske ba.

Kulle saƙo, wanda Netscape ya yaɗa da SSL tun 1995, shi ne ya sa aikin ya yi tsauri. Kafin manhajar tsakani ta karanta kullallen saƙon HTTPS, dole mai gwaji ya sa wa wayarsa takardar shaidarta, ya ce ya amince da ita. To ƙofar da mai gyara ke bi, ita macuci ke nema. Shi ya sa a 2016, daga Android 7, Google ya hana manhajoji amincewa kai tsaye da takardar da mai waya ya sa da kansa, kuma na ga dacewar hakan. Manhajojin banki da yawa ma sun ƙara da liƙe wa takardar uwar garkensu kaɗai. Yanzu mai gini sai ya keɓe kwafin gwaji, ya rubuta izinin a cikinsa, ya tabbatar izinin bai bi wanda za a sakar wa jama'a ba.