Ciwon ɓarin kai mai naci: alluran da ake yi ba tare da fiɗa ba

Likitoci na cewa ciwon ɓarin kai ya zama mai naci idan kai na ciwo kwana 15 ko fiye a wata, sama da wata uku. A Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji, da yawa kan fara da tsagar wanzami ko ƙwayoyin ƴan tebur. Nan ake ƙara dagula lamarin, domin shan paracetamol kwana 15 a wata, ko tramol kwana 10, shi kansa yana zaunar da ciwon.

Idan magungunan rigakafi irin su amitriptyline suka kasa, akwai allura iri biyu. Ta farko, ana zuba lidocaïne mai kashe zafi kusa da jijiyar ƙeya. Aikin mintoci ne, sauƙin kuwa yakan kai makonni. Ta biyu Botox ce, wadda Amurka ta amince da ita a 2010: wuri 31 a goshi, ƙeya, wuya da kafaɗu, duk mako 12. Tana rage kwanakin ciwo, ba ta warkarwa, ga kuma tsada.

Waɗannan ba aikin CSI ba ne. Ana bi ta asibitin Tanut zuwa babban asibitin Damagaram, in ta kama a wuce wajen likitocin jijiyoyi a Yamai.