Gidan Gwamna na Zungeru

Matafiyi da ya ratsa Zungeru a yau ba zai ga komai ba sai tasha da 'yan tireda, har ya ɗauka ƙauye ne kawai a ƙasar Wushishi. To, ya sani daga 1902 wannan gari na bakin Kogin Kaduna ya zama hedikwatar Arewa baki ɗaya, bayan Turawa sun taso daga Jabba. A nan Gwamna Lugga ya kafa gidansa, kuma daga nan aka ƙulla yaƙin da ya ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ya ci Sakkwato a watan Maris.

Dattawan gari sun ce asalin sunan Dungurum ne, tun zamanin da Gwarawa da Nufawa ke noma da su a wurin, bakin Bature ne ya karkatar da shi. Sun kuma dage cewa a gidan nan aka haɗe Kudu da Arewa a 1914. Mutanen Lakwaja na ja da wannan magana, na Ikko ma haka. Gaskiya dai daga Landan takardun suka fito, amma Arewar da aka haɗe ɗin, daga Zungeru ake mulkinta. Wannan kam ba mai ƙwace mana shi. A garin nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, aka haifi Ojukwu a 1933.

Zafi da sauro suka kori Turawa. Zuwa 1917 hedikwata ta koma Kaduna, ma'aikata da 'yan kasuwa suka bi. Hatta gadar ƙafa ta ƙarfe da Lugga ya gina sai da aka kwance ta, yanzu tana Gamji a Kaduna ana ɗaukar hoto a kanta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Rufin gidan Gwamna ya tafi, bango ya zube, sai ginshiƙai da harsashin gini a cikin ciyawa.

Ba ƙaunar Lugga ta sa abin ke min ciwo ba. Kakanninmu sun sha wuya a hannunsa, shi ya sa ma ya kamata jikokinsu su ga inda aka yanke musu hukunci. An kashe maƙudan kuɗi an datse kogin nan don samar da lantarki megawat 700, amma kangon da ke kusa da shi an bar wa damina da gobarar daji. Gwamnatin Jihar Neja da hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa su fara da kewaye filin, su sa masu gadi, tun ginshiƙan da suka rage ba su bi sauran ba.