Baƙuncin Hausawa a Ƙasar Birazil

Yaƙe-yaƙen jihadi da aka soma a 1804, irin su gumurzun Ɗan Yaya a arewacin Kano, sun tarwatsa ƙauyukan manoma masu yawa. Waɗansu kamammun wannan zamani an yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har bakin teku, daga Ikko ko Wida aka ƙetare da su zuwa Bahiya ta ƙasar Birazil.

Manomin da ya saba da gero da dawa sai ya iske garin rogo ne cimarsa, gandun rake kuwa ba rani ba damina. Bauta kanta ba baƙuwarsa ba ce. Hasali ma a birnin Salbado ya tarar da wata al'ada mai kama da murgu: bawa ya fita neman kuɗi, ya biya ubangidansa, ya tara saura don fansar kai. Abin da ya fi gigita shi shi ne baftisma ta dole da sauya masa suna.

Saboda haka Hausawa suka riƙe salla da laya da rubutun Larabci. Suka ƙulla tawaye a 1807, suka tayar da wani a 1814, waɗansunsu kuma suka shiga na Yarabawa Musulmi cikin azumin 1835.

Castelnau, wakilin Faransa a Bahiya, ya tattauna da waɗansunsu, ya buga bayanansu a 1851. Bayan shekaru a baƙunci, suna iya lissafa garuruwa da zangunan hanyar gida ɗaya bayan ɗaya.