Yadda Aka Fara Raba Kayan Lantarki da Guba

A ƙarshen shekarar 2001, ana dab da bukukuwan Kirsimeti, lokacin da kasuwar kayan wasan yara ke ci a Turai, hukumomin ƙasar Holan suka tsare na'urorin wasa na PlayStation kimanin miliyan 1.3 mallakar kamfanin Sony, suka hana a sayar da su. Na'urorin suna aiki lafiya ƙalau. Aibin yana cikin robar da ta lulluɓe wayoyin da ake jona su da su, inda aka tarar da wani ƙarfe mai suna kadmiyam fiye da abin da dokar ƙasar ta yarda da shi. Asarar kamfanin ta haura dala miliyan 100. Wannan lamari na cikin manyan dalilan da suka sa wayar salular da ke hannun mai karatu a yau ba ta ɗauke da irin gubar da rediyon kakanninmu ke ɗauke da ita.

Tsoron kadmiyam yana da asali, kuma asalin yana ƙasar Japan, mahaifar kamfanin Sony ɗin kansa. Shekaru da dama, mahaƙar ma'adinai ta Kamioka tana zubar da dagwalonta cikin kogin Jinzu, manoman lardin Toyama kuma suna ban ruwan shinkafarsu da shi. Sannu a hankali ƙodojin mutane suka lalace, ƙasusuwansu suka yi laushi har tari mai ƙarfi kan karya haƙarƙari. Mata masu shekaru waɗanda suka yi haihuwa da yawa su suka fi jin jiki. An raɗa wa cutar suna "itai-itai", wato kukan da mai jin zafi ke yi a harshensu, kamar mu ce "wayyo, wayyo". Sai a 1968 gwamnatin Japan ta amince cewa kadmiyam ne sanadi. Idan ya shiga jiki yakan zauna a ƙoda shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita, kuma har yau babu wani tabbataccen magani da ke fitar da shi.

Amma babbar gubar da ke cikin kayan lantarki ita ce dalma. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai gyaran rediyo ya ga siririn ƙarfen nan da yake narkarwa yana liƙe ƙananan sassa a jikin allon na'ura. Kusan duk tsawon ƙarni na 20, haɗinsa kuza ce kashi 63 da dalma kashi 37, domin yana narkewa a zafin digiri 183 kacal, yana da araha, yana kuma kama jiki. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙaton baya shi kaɗai kan ɗauki dalma fiye da kilo guda. Mu a arewacin Najeriya mun san aikin dalma, ko da yake ta wata hanya ta zo mana: a 2010, ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Hanjin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke tsotsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizani na dalma a cikin jini da za a kira shi lafiyayye.

Da masifar Holan ta auka wa Sony, sai ya gano cewa bai san abin da ke cikin kayan da ke ɗauke da sunansa ba. Ba shi ya ƙera wayoyin ba. Saye ya yi daga wani, shi ma wancan ya sayi robarsa daga wani. Tun 1996 akwai ma'aunin ISO 14001, wanda ke koya wa kamfanoni tsara yadda za su kula da muhalli, amma da yawansu hankalinsu ya tsaya ne ga hayaƙi da sharar masana'antarsu, ba su bi diddigin sassan da ake kawo musu ba. Sony ya bi dubban masana'antun da ke yi masa aiki yana bincike, ya rubuta jerin sinadaran da ya haramta, ya kafa tsarin tantancewa mai suna Green Partner, kuma daga 2003 ya daina sayen sassa sai daga wanda ya ci wannan jarrabawa. Mai harhaɗa magunguna zai gane wannan tsari nan take. Kowane kwalin magani yana da lambar rukuni, ta yadda idan matsala ta ɓullo za a bi ta har tukunyar da aka haɗa shi. Abin da masu kayan lantarki suka koya ke nan, bayan sun sha wuya.

Sai doka ta biyo baya. A watan Janairun 2003 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ake kira RoHS, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2006. Ta taƙaita abubuwa shida: dalma, zaiba, kadmiyam, wani nau'in kuromiyam mai haddasa sankara, da sinadarai biyu da ake zuba wa roba don hana ta kama wuta. Iyakar kowanne kashi 0.1 cikin ɗari ne, ban da kadmiyam da aka tsaya a 0.01. Hikimar dokar tana ga wurin awo. Ba a auna na'ura ɗungurungum, inda ɗan guba zai ɓuya cikin nauyin sauran sassa. Kowane abu guda ake aunawa shi kaɗai, robar waya daban, fenti daban, ƙarfen liƙi daban. Da yake babu kamfanin da zai so rasa kasuwar Turai, kuma gina layin ƙira biyu yana da tsada, sai masana'antun Sin da Japan da Koriya suka sauya yawancin kayansu gaba ɗaya. Ta haka dokar wata nahiya ta taɓa kayan da ake sayarwa a kasuwannin Kano da Maraɗi.

Sauyin bai zo da sauƙi ba. Sabon ƙarfen liƙi, na kuza da azurfa da jan ƙarfe, sai zafi ya kai kusan digiri 217 yake narkewa, abin da ya tilasta sake injina da sassa masu jure wuta. Kuza maras dalma kuma takan tsirar da wasu siraran zaruruwa kamar gashi, waɗanda kan haɗa layukan lantarki biyu su kashe na'ura. Waya ta mutu, a sayi wata; na'urar da ke lura da bugun zuciyar majinyaci ba ta da wannan uzuri. Shi ya sa aka jinkirta sanya kayan asibiti cikin dokar har Yulin 2014, aka kuma bar dalma a wuraren da babu madadinta, kamar garkuwar da ke tare hasken na'urar hoton ƙashi. A 2015 aka ƙara sinadarai huɗu masu tausasa roba, waɗanda ake zargi da illa ga haihuwa, jerin ya zama goma.

Sai dai doka tana aiki ne a kan sabon kaya. Tsofaffin da aka ƙera kafin 2006 ba su ɓace ba. Da yawansu sun biyo jiragen ruwa zuwa Afirka ta Yamma da sunan kayan gwanjo. A unguwar Agbogbloshie ta birnin Akra, kafin a rushe wurin a 2021, samari, akasarinsu 'yan arewacin Gana, sun shafe shekaru suna ƙona wayoyi don cire jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin. A garin Guiyu na ƙasar Sin, inda aka yi irin wannan sana'a, wani bincike da aka wallafa a 2007 ya samu dalma mai yawa a jinin fiye da kashi 80 cikin ɗari na yaran da aka gwada. Ga kuma batiran mota da na sola, waɗanda dokar RoHS ba ta shafe su ba, alhali a cikinsu mafi yawan dalmar duniya ke ƙarewa.

A nan ne tarihin ya shigo gidajenmu. Waya ko talabijin da ke zaune lafiya ba ta cutar da mai amfani da ita. Haɗarin yana zuwa ne idan an fasa, an ƙona, ko an narkar. Kada a bar yara su yi wasa da cikin tsohuwar rediyo ko fasasshiyar talabijin. Kada a ƙona wayoyi ko a fasa batiri a tsakar gida, balle kusa da murhu. Magidancin da ke sana'ar gyaran kayan lantarki ko bola jari ya wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, ya sauya tufafin aiki kafin ya ɗauki yaro, a kuma wanke su daban. Idan dogon ƙwan lantarki ya fashe a ɗaki, a fitar da yara, a buɗe tagogi, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, domin akwai 'yar zaiba a cikinsa. Yaron da ke zaune kusa da irin waɗannan wurare, idan yana yawan ciwon ciki, ko ƙarancin jini, ko koma baya a karatu, a kai shi asibiti a gaya wa likita sana'ar gidan, domin gwajin jini ne kawai ke tabbatar da dalma. Mai juna biyu ma ta yi hattara, don dalmar da ta taru a ƙashi takan sauko cikin jini ta isa ga ɗan tayi.

Akwai maganin da ke rage dalma a jini, irin wanda likitocin ƙungiyar MSF suka ba yaran Zamfara, kuma ya ceci rayuka da yawa. Amma ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Kamfanoni sun ɗauki wannan darasi a masana'anta bayan asarar miliyoyi. Abin da ya rage na tsofaffin kayan da ke hannunmu, iyaye ne za su tsare yaransu daga gare shi.