Majami'ar da Ba a Keɓe Ba

Wanda ya shigo Port Arthur ta jirgin ruwa, a kudu maso gabashin tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostireliya, abin da zai fara gani shi ne dogon kango na jan bulo a bakin gaɓa, babu rufi, tagoginsa a wangale. Masu tafiyar ƙasa sukan tashi daga nan su bi duwatsun gaɓar teku na kwana huɗu. Amma wurin ya fi ƙarfin a wuce shi da sauri.

Tsakanin 1788 da 1868 Birtaniya ta kwashe fursunoni wajen 162,000 zuwa Ostireliya, da yawansu saboda sata ƙarama. An kafa Port Arthur a 1830 don yankan katako, daga baya ya zama inda ake kai waɗanda suka sake yin laifi. Teku ta kewaye shi, ƴar siririyar hanyar tudu kuwa, a Eaglehawk Neck, an jera karnuka a ɗaure a kanta. An rufe kurkukun a 1877.

Fursunoni ne suka sassaƙa duwatsun majami'ar wurin, aka gama ta a 1837. Ba a taɓa keɓe ta ba, gama ɗariku dabam-dabam ne suke sujada a cikinta. Gobara ta cinye ta a 1884, sai bango ya rage.

Abin da ya fi taɓa zuciyata, ƴan'uwa, shi ne ƙaramin ɗakin sujada na cikin kurkukun kaɗaici da aka buɗe wajen 1850. Masu mulki sun ga bulala ba ta gyara mutum, sai suka ce shiru zai gyara shi. Aka ba kowane fursuna lamba a maimakon sunansa, aka hana shi magana, in zai fita daga ɗakinsa a rufe masa fuska. Ranar Lahadi a shigar da su ɗaya bayan ɗaya, kowa cikin wani akurki na katako mai ƙofa, ba ya ganin na dama ko na hagu, sai mai wa'azi kaɗai. Waƙa ce kawai aka yarda su ɗaga murya a kanta. Na yi shekaru ina tsayawa gaban jama'a, ina kuma tambayar kaina me mai wa'azin yake faɗa game da zumuntar tsarkaka ga mutanen da aka raba da katako. Waɗanda suka tsara wannan ba azzalumai suka ɗauki kansu ba, gyara suke nema. Daga baya sai da aka gina gidan masu taɓin hankali a gefen kurkukun.

A tsakiyar mashigin ruwan akwai ƙaramin tsibiri da ake kira Tsibirin Matattu, inda aka binne mutum fiye da 1,000. Sojoji da ma'aikata suna can sama da duwatsu masu sunayensu. Yawancin fursunonin suna ƙasa, kaburburansu babu alama.